Fangalin Ƙarshe

Direban da ya ɗauke ni daga filin jirgi ya yi awa biyu yana yawo da ni. Na miƙa masa takardar da aka rubuta adireshin Yaya Habu, ya duba, ya gyaɗa kai, muka kama hanya. Muka hau wata gada, muka sauka, muka sake hawa wata. Ni dai ina rungume da jakata ina kallon ruwa ta taga, ruwa mai faɗi, babu ko kuyya ɗaya ta albasa a bakinsa, ina mamakin yadda aka bar shi yana wucewa a banza. Sai da na kwana uku a unguwar Jamaica ta birnin New York sannan na lura cewa daga tagar ɗakin Yaya ana ganin tayoyin jirage lokacin da suke sauka. Ashe filin yana bayan gida. Da na faɗa masa, ya yi dariya har sai da ya riƙe kansa da hannu biyu. Ita ce dariyarsa ta farko da na ji a ƙasar nan, don haka na yafe wa direban.

Sunana Sale. Noman rani nake yi a ƙauyenmu, kusa da Kura, kuma karatuna a firamare ya tsaya. Yaya Habu ya shekara goma sha bakwai a New York yana lodin jakunkuna a filin jirgi. Matarsa da 'ya'yansa suna gida wurin Inna, takardunsu ba su fito ba. Shekara biyu da suka wuce aka buɗe kansa aka cire masa ƙari a ƙwaƙwalwa, aka gasa wurin, aka ba shi magani, ya koma aiki. Sai ƙarin ya dawo. Inna ta ce ba za a bar ɗanta ya yi jinya tsakanin baƙi ba, kuma a cikinmu ni ne ba na mantuwa. Gaskiya ne. Ba na mantuwa saboda ba na daina tunani. Ni ne mutumin da kan koma gona sau uku ya duba ko ya toshe bakin ruwa, alhali da hannunsa ya toshe shi.

Na tarar da Yaya ya rame, hannunsa na dama ya yi sanyi, kalmomi kuma suna ɓuya masa. Zai ce, “Sale, miƙo min abin nan,” ya tsaya yana kallon cokali, sunan ya ƙi zuwa. Amma tsokana ba ta bar shi ba.

“Wa ka bar wa tumatir?”

“Ƙaninka Ɗan'azumi.”

“Inna lillahi. Ka ce dai ka bar wa akuyoyi.”

A ɗakin akwai wasu ƙarafa jikin bango da ke kawo ɗumi. Da asuba sukan fara ƙara, ƙyal, ƙyal, sai kuma a ji ruwa yana gudu a cikinsu. Kullum sai in farka ina zaton an saki ruwa a babban kanal, in fara lalubar fartanya. Har a farke ma garin bai zauna mini sosai ba. Idan jirgin ƙasa ya wuce a ƙarƙashin titi, nakan ji kamar kogi ne aka rufe da kwalta, mutanen da ke sauka matakala kuma kamar masu zuwa ɗiba. Ganyen bishiyoyi ya yi ja da ɗorawa, yana zuba, babu wanda ya damu. A gida idan ganye ya yi haka, cuta ce ko ƙishirwa. Na yi kwanaki ina tausayin bishiyoyin kafin Yaya ya ce haka suke yi kowace shekara, kuma suna dawowa.

Sati na biyu ya aike ni unguwar Harlem, titi na ɗari da ashirin da biyar, wurin abokinsa Isufu, in karɓo rigar sanyi. Ya zana mini hanyar a bayan kwalin shayi da hannun hagu. Sau huɗu na tambayi mutane, sau huɗu na nuna kwalin. Na sami Isufu a bayan tebur cike da agoguna da tabarau, Badamagare ne dogo mai hular ulu.

“Kai ne ƙanin Habu? Lalle Bakano, bawana ya iso. Zo ka gai da ubangidanka.”

“Wane ubangida, mutum yana rawar ɗari a bakin titi?”

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya cire rigar da ke jikinsa ya sa mini, ya zuge zif ɗin har wuya kamar ana shirya yaro makaranta. Na tsaya ina kallon teburin. Agogo ya fi hamsin, kuma babu biyu da suka yarda da juna.

“Wanne ne mai gaskiya?” na tambaye shi.

“Wanda ka saya.” Sai ya rage murya. “Kai, ƙasar ga ko lokaci hannu ake sa masa. Cikin kakar nan za su tashi wata rana su ce an mai da agogo baya da awa guda. Bazara ta yi, su tura shi gaba. Wallahi.”

“Su wa?”

“Gwamnati mana.”

“Rana fa?”

“Rana ba ruwanta.”

Wannan magana ta shiga kaina ta zauna. Duk hanyar komawa ina tunanin awar nan da ake ɗaukewa, inda ake ajiye ta, da wanda ke tsaronta. Ban tambaye shi ranar da za a yi ba. Wannan ne kuskurena na farko.

Asibitin dogon gini ne, ɗakin likita yana hawa na goma sha ɗaya, tagarsa tana kallon kogi. Likitar mace ce mai furfura, ba ta gaggawar magana. Tare da ita akwai wata nas, 'yar zangon Kumasi, Anti Memuna. Hausarta daban ce, mace ma “ya” take ce mata, amma da ta ce mini “Sannu da zuwa, ɗan'uwa,” sai na ji ƙafafuna sun taɓa ƙasa a karo na farko tun saukata.

Ita ta fassara mini bayanin likita. Ta ce ƙwaƙwalwa tana da shinge da Allah ya yi mata, ba kowane abin da ke cikin jini ne ke ƙetarawa ba. Shingen yana tare guba, amma yana tare magani ma. Mutum zai yi wata da watanni yana haɗiyar ƙwaya, yana amai, gashi yana zuba, alhali ba a san ko maganin yana isa wurin ƙarin ba. To akwai wani sabon magani da ake gwadawa. Za a ba Yaya shi kwana biyar kafin aiki. Ranar aiki, idan an ciro ƙarin, za a kai shi ɗakin awo a duba nawa ne ya shiga cikin tsokar, a tsakiya da kuma gefe. Idan ya kai yadda ake so, za a ci gaba da ba shi bayan ya warke daga aikin. Idan bai kai ba, ba za a wahalar da shi da shi ba.

“Ka gane?” in ji ta.

Na ce na gane. Gonata ce ta ƙarshe a layinmu. Ruwan da aka saki a bakin kanal ba shi ne ruwan da ke zuwa mini ba. Ƙasa ta sha, rana ta sha, ramin gafiya ya sha, maƙwabci ya karkatar da nasa. Ba a sanin gaskiya sai an je fangalin ƙarshe an tura yatsa cikin ƙasa. Anti Memuna ta juya wa likita wannan da Turanci. Likitar ta ajiye biro, ta dube ni, ta ce wani abu.

“Ya ce haka ne daidai,” in ji Anti Memuna. “Ya ce za su tura yatsa.”

Yaya ya sa hannu a takardu da hagu. Aka ba ni kwalbar ƙwayoyi da takarda mai gidaje goma. Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, awa goma sha biyu tsakani, kuma duk wadda ya sha a rubuta lokacin a gidanta. Ta ƙarshe zai sha a gida, safiyar aikin. Anti Memuna ta maimaita sau biyu, na maimaita mata sau uku.

Da muka koma gida na tsaya tsakiyar ɗaki da takardar a hannu. Agogon bango yana nuna lokacin Kano, don Yaya bai taɓa sauya shi ba, da shi yake sanin lokacin da 'ya'yansa suke tashi daga makaranta. Na jikin murhu yana ƙifta wasu lambobi tun ranar da aka ɗauke wuta. Wayata da ta Yaya sun yarda da juna, amma maganar Isufu ta dawo mini. To idan an riga an mai da agogon baya, wayoyin ba su ji ba? Idan sun ji, asibiti bai ji ba? Idan a tsakiyar kwana biyar ɗin za a ɗauke awar? Na tambayi Yaya, ya buɗe baki, kalmar ta ɓuya, ya ce, “Abin nan ne, ba yanzu ba, ko an yi ne?” ya kwanta.

Na ji tsoron in rubuta lamba ta zama ƙarya, a auna kan ɗan'uwana da ƙarya. Sai na ce bari in kama lokacin da gwamnati ba ta iya taɓawa. A gona ma haka nake yi, in buɗe ruwa bayan Asuba, in toshe kafin Magariba, ban taɓa duba agogo ba kuma tumatir bai taɓa ƙorafi ba. Wayar Yaya tana kiran salla. Idan ta kira Asuba, in yi salla, in zaunar da shi, in ba shi ƙwaya da ruwa rabin kofi, in duba ƙarƙashin harshensa. Da Magariba ma haka. A gidajen takardar na rubuta da kyakkyawan rubutu, harafi harafi: bayan Asuba, bayan Magariba. Daga nan in ɗauraye kofin, in ɗauki waya in yi wa Inna saƙon murya, domin ta ce kada a sha ƙwaya ɗaya ba ta sani ba. “Inna, ya sha.” Shi ke nan abin da nake faɗa.

Kwanakin nan biyar sun wuce mini kamar ina tafiya cikin ruwa zuwa ƙugu. Idan Yaya ya haɗiye ƙwayar, nakan bi ta da ido a zuci. Ga ta ta narke, ga ta ta shiga jini, ga ta tana bin ƙananan magudanai a wuya, tana hawa, ta iso wani shingen kara mai tsawo. A nan kullum nake rasa ta. Wani lokaci da rana, ina zaune kusa da shi yana barci, sai in ga kansa ya zama lambu, fangali bayan fangali, ni kuma ina tsaye can ƙarshe da fartanya ina jiran in ga ƙasa ta yi duhu.

Safiyar aiki na ba shi ta goma, muka tafi. Na miƙa takardar ga matar da ke teburin karɓar marasa lafiya, ta sa ta cikin fayil ba ta duba ba. Aka aske rabin kan Yaya. Kafin a tura shi ya kama hannuna ya ce, “Kada ka zauna kana wannan fuskar. Je ka ci abinci.” Ban ci ba. Isufu ya rufe teburinsa ya zo ya zauna da ni, ya kawo shayi a kofin takarda, bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin da ya ƙara tayar mini da hankali. Wajen La'asar aka ce an gama lafiya. Yaya ya farka, ya gane ni, ya motsa yatsun ƙafa.

Kwana biyu bayan haka Anti Memuna ta same ni a baranda. Takardata tana hannunta.

“Ɗan'uwa, mene ne wannan?”

“Lokacin da ya sha.”

“Ina lamba?”

Na yi mata bayanin agogon bango, da na murhu, da awar da ake ɗaukewa. Ta rufe ido, ta buɗe.

“Sale, ba a canza agogo ba tukun. Sai ranar Lahadi mai zuwa. Wayarka daidai yake.”

Ta zauna kusa da ni ta yi mini bayani a hankali. Magani yana hawa a jini, yana sauka. Idan masu awo suka sami kaɗan a cikin tsokar, dole su san awa nawa ke tsakanin ƙwayar ƙarshe da lokacin da aka ciro ta, in ba haka ba ba za su san ko shingen ne ya tare ba, ko kuwa maganin ya zo ya wuce. Idan babu lokaci, awon bai da amfani. Idan awon bai da amfani, dokar gwajin ba ta yarda a ci gaba da ba shi maganin ba. Kuma ba a sake buɗe kan mutum don a gyara takarda.

Na tashi na je taga. Kogin yana nan yana tafiya. An tsaga kan ɗan'uwana, an ciro abin da za a ciro, sau ɗaya tak, ni kuma da aka aiko don ba na mantuwa na zubar da shi da biro. Na yi tunanin Inna. Na yi tunanin yadda zan haɗa kalmomin.

Washegari na cire jadawalin salla na masallacin unguwa daga jikin firij, na kai wa likita. Ta duba, ta bi ranakun da yatsa. Anti Memuna ta ce likita ta ce na yi sa'a ɗaya: a wannan watan, tsakanin Asuba da Magariba kusan awa goma sha biyu ne cif. Da a tsakiyar bazara ne, da tazarar ta lalace gaba ɗaya. Amma jadawalin ya faɗi lokacin kiran salla ne kawai. Bayan Asuba zai iya zama minti goma, zai iya zama awa guda. Masu awo ba za su karɓi wannan ba.

“Ba na kaiwa awa,” na ce. “Raka'a biyu, raka'a biyu, sai tasbihi.”

“Na yarda da kai,” in ji Anti Memuna. “Takarda ne bai yarda ba.”

Likita tana juya jadawalin a hannunta. Sai Anti Memuna ta ce, “To faɗa mini duka, daga farko. Ka idar da salla. Sai me?”

“Sai in zaunar da shi.”

“Sai me?”

“In ba shi. In duba bakinsa. In ɗauraye kofi. In gaya wa Inna.”

“Inna yana ina?”

“Gida.”

“Da me kake gaya masa?”

Na fito da wayar. Ta karɓa, ta buɗe, ta ja da yatsa. Ga su nan a jere, saƙonni goma, kowanne daƙiƙa biyu, kowanne da 'yar lamba a ƙarƙashinsa wadda ban taɓa kula da ita ba. Ta danna na ƙarshe. Muryata ta fito a ɗakin likita, “Inna, ya sha.” A ƙasa an rubuta shida da minti goma sha tara. Ta danna na sama da shi, da na sama da shi. Likita ta jawo kujerarta, ta sa tabarau, ta fara kwafe lambobin a gefen rubutuna, gida bayan gida.

“Tsaya,” na ce. “A gaya mata ba daidai ba ne. Ina ɗauraye kofi kafin in aika. A cire minti biyu.”

Anti Memuna ta dube ni.

“Ranar Talata da yamma kuma a cire huɗu, don sabulu ya faɗi bayan famfo.”

Ta fassara. Likitar ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido, amma ta rubuta. Ta sa na sa hannu, ita ma ta sa, ta ce za ta aika wa masu gwajin su yanke hukunci.

Kwana goma sha ɗaya muka jira. A cikinsu aka mai da agogo baya, na zauna da safe ina kallon wayar, ban ji komai ya ragu a jikina ba. Aka sallami Yaya, muka koma Jamaica. Bishiyar ƙofar gida ta zubar da ganyenta duka. Ɗan'azumi ya aiko hoton tumatir da aka dasa, layin a karkace, na ƙi nuna wa Yaya don kada ya yi dariya ɗinkin ya buɗe. Ban gaya wa Inna komai ba game da takardar. Isufu ya aiko mini da agogon hannu kyauta, ya ce a faɗa wa bawansa wannan ya fi na gwamnati gaskiya.

Ranar da aka kira mu, ana yayyafi a kan kogin. Likita ta juyo mana da allon kwamfuta, akwai layuka da ɗigo-ɗigo, ban fahimci ko ɗaya ba. Na kalli bakin Anti Memuna kawai.

“Sun karɓi lokacin,” ta ce. “Kuma maganin ya shiga. A tsakiya da yawa. A gefe, inda shingen ya fi ƙarfi, bai kai haka ba, amma ya wuce abin da suke nema. Za a ci gaba da ba shi.”

Likita ta ƙara magana, a hankali, tana kallon Yaya. Anti Memuna ta ce likita ta ce wannan ba alkawarin warkewa ba ne. An san ya isa, ba a san abin da zai yi ba tukun. Na ce a gaya mata na sani. Ruwa yakan kai fangali kuma tsutsa ta cinye shukar. Amma ban taɓa ganin shukar da ta yi ba tare da ya kai ba.

Yaya ya daɗe yana kallon allon. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ɗigon da ke can gefe, shi kaɗai. Bakinsa ya yi ta neman kalma, muka jira shi, babu wanda ya taya shi.

“Gonarka,” ya ce.

Da Magariba na buɗe sabuwar kwalba, na ba shi, na duba ƙarƙashin harshensa. A sabuwar takarda na rubuta lambar da ke agogon Isufu, na gwada da ta waya, na sake gwadawa, sannan a ƙasa da ƙananan haruffa na ƙara: bayan Magariba. Ban tsaya ɗauraye kofi ba. Na danna wayar na ce, “Inna, ya sha. Kuma an auna, yana kaiwa.”

Amsarta ta zo da safe. Ana jin kaji a bayanta, da ƙarar tabarya daga gidan maƙwabta. Ta yi hamdala sau uku. Sai ta ce, “To kai fa, Sale? Saƙo goma sha ɗaya ka aiko mini, ban ji inda ka ce ka ci abinci ba.”